Hadda ko Yawan Karatu: Muhawara kan Tara Kalmomin Turanci a Arewacin Zamfara

Duk ɗalibin da ya kammala sakandare a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, yake kuma da niyyar wucewa gaba, galibi dole ne ya samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko ta NECO, sa'annan ya sake fuskantar harshen a jarrabawar JAMB, inda Turanci ne kaɗai darasin da aka wajabta wa kowa, yake kuma ɗauke da tambayoyi 60 daga cikin 180. Wanda ya tsallake waɗannan ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, zai tarar da lacca da littattafai da takardun jarrabawa duk cikin Turanci, kuma Turanci mai nauyi wanda ya yi wa na gaisuwa da na sayen kaya nisa ƙwarai. Babu mai musun cewa ƙarancin kalmomi yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da ɗalibai a wannan mataki, domin wanda bai fahimci kalmomin tambaya ba ba zai iya amsa ta ba, ko da kuwa ya san amsar sarai da Hausa. Inda ra'ayi ya rabu shi ne hanyar da za a bi a tara kalmomin: wasu na ganin a ware su a jera a haddace, wasu kuma na ganin a bar ɗalibi ya yi ta karatu har kalmomin su zauna masa da kansu.

Kafin a auna hujjojin ɓangarorin biyu ya kamata a fayyace abin da ake nufi da sanin kalma, domin a nan ne ake yawan yi wa juna gurguwar fahimta. Sanin kalma ya ƙunshi sanin ma'anarta, ko ma'anoninta idan tana da fiye da ɗaya, da sanin amfaninta, wato kalmomin da take tafiya da su a jimla da muhallin da ya dace a faɗe ta, da kuma sanin furucinta, wato yadda ake fitar da sautukanta da gaɓar da ake ƙarfafawa a cikinta. Jarrabawar WAEC kanta a kan wannan rabo aka gina ta: akwai takardar zaɓen amsa da ke gwada kalmomi da ginin jimla, akwai takardar insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, akwai kuma takarda ta uku da ke gwada tsarin sauti. Ɗalibi yana iya ƙwarewa a ɗaya ya gaza a sauran, kuma kowane ɓangare a muhawarar yakan kafa hujja ne da sashen da hanyarsa ta fi ƙarfi a kai.

Masu goyon bayan hadda sukan fara ne da yanayin wurin, kuma hujjarsu tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. A Legas ko Fatakwal yaro yana jin Turanci ko buroka a mota da kasuwa da unguwa, saboda mutanen da ke kewaye da shi ba su haɗa harshe ɗaya ba, amma a arewacin Zamfara Hausa ta wadatar da kowa a kusan kowace hulɗa. Kasuwar Shinkafi tana haɗa 'yan kasuwa daga garuruwa masu nisa har da na Jamhuriyar Nijar, amma da Hausa ake ciniki, kamar yadda da Hausa ake wa'azi da sulhu da hirar siyasa a Zurmi da Moriki. Ko layin dogo da ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929 ya kawo baƙi daga kudu, baƙin ne suka koyi Hausa. Ma'anar wannan ita ce Turanci, duk da kasancewarsa harshen hukuma a Nijeriya, yana nan a matsayin baƙon harshe ga ɗalibin wannan yanki, ba ya haɗuwa da shi sai a aji, kuma wanda ke jiran kalmomi su zo masa ta hanyar ji da gani zai daɗe yana jira. Don haka, a ganinsu, dole ne a je a nemo kalmomin da gangan.

Hujjarsu ta biyu ta lissafi ce. Masanin koyar da harshe Paul Nation na ƙasar Niyuzilan ya nuna a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma isa wannan matsayi a jarida ko littafin labari na Turanci yana buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma shi ne tushen kalma tare da duk siffofin da suka tsiro daga gare ta, kamar yadda karanta da karatu da makaranta da makaranci suke dangi guda a Hausa. Wanda ya san dangi 1,500 ko 2,000 kawai, idan aka miƙa masa littafin manya aka ce ya tsinci ma'ana daga muhallin magana, an ba shi aikin da ba zai yiwu ba, domin muhallin da ake so ya dogara da shi shi ma cike yake da kalmomin da bai sani ba. Hadda kuwa tana da sauri, ana iya auna ta, kuma ba ta bukatar komai sai littafin rubutu da biro da ƙamus.

Suna ƙara da cewa hadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar da makarantar allo ta kafu shekaru aru-aru, inda yaro ke koyon tilawa da maimaici tun yana ƙarami, ya kuma saba da komawa baya yana bitar abin da ya wanke. Abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya bayyana a 1885, cewa mantuwa tana da sauri a farko kuma bita a kan tazara tana rage ta, alarammomi sun daɗe suna aiki da shi a aikace. Sa'annan akwai halin rashin tsaro da ya addabi wannan yanki: a Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, kuma garuruwan Zurmi da Shinkafi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki daga hare-haren 'yan bindiga. Hanyar koyo da ta dogara ga ɗakin karatu ko intanet tana tsayawa cak a irin wannan lokaci, alhali ɗalibin da ke da jerin kalmominsa a aljihu yana iya ci gaba ko a gidan 'yan'uwa ya samu mafaka.

Masu goyon bayan yawan karatu ba su musa cewa hadda tana da sauri ba, abin da suke tambaya shi ne mene ne ainihin abin da aka haddace. Kalmar da aka ciro daga jimla aka ajiye ta kusa da fassararta ta bar rabin saninta a baya, kuma misali ɗaya daga Hausa ya isa ya nuna haka. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan wahala, duk da aikatau guda, alhali Turanci yana amfani da aikatau daban a kowane ɗaya daga cikin huɗun. Ɗalibin da ya haddace cewa “drink” ita ce sha zai kai ta duk inda sha take zuwa, kuma babu jerin kalmomin da zai hana shi, sai dai yawan ganin yadda masu harshen suke haɗa kalmominsu. Wannan matsala tana ƙara tsanani a manyan kalmomi, inda kalmomi uku ko huɗu za su yi kusa a ma'ana amma ɗaya ta kotu ce, ɗaya ta asibiti, ɗaya kuma tana ɗauke da zargi ko raini wanda ƙaramin ƙamus ba ya nunawa.

Daga nan ne suke kawo ƙorafinsu mafi zafi, wato cewa hadda ita ce ke haifar da al'adar fasa manyan kalmomi don burge masu sauraro. Ana ganin wannan a gasar muhawara ta makarantu da takardun neman aiki da jawaban ƙungiyoyin ɗalibai, inda ake cusa kalmomin da ba a cika ji ba a cikin jimlolin da ginshiƙansu ba su tsaya ba, har ma'ana ta ɓace tsakanin marubuci da mai karatu. Ba banza ba Hausawa suke kiran maganar da ta yi tsawo ba ta biya bukata ba dogon Turanci. Mai duba insha'in WAEC, insha'in da ake so ya kai kimanin kalmomi 450, yana ba da kaso mafi tsoka na maki ne ga iya bayyana tunani, kuma babbar kalmar da aka ajiye a gurbin da ba nata ba kuskure ce a wurinsa. Suna kuma da shaidar bincike: Warwick Elley da Francis Mangubhai sun wallafa a 1983 sakamakon gwajin da suka yi a makarantun firamare na karkara a tsibiran Fiji, inda aka wadata azuzuwa da littattafan labarai masu daɗin karatu, aka kuma tarar cewa cikin watanni takwas yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da sauri ninki biyu na abin da aka saba. Yaran Fiji ɗin, kamar na Zurmi, ba su jin Turanci a gida.

Har al'adar gargajiya da masu hadda suka jingina da ita, masu karatu suna cewa tasu ce. A makarantar zaure ba a miƙa wa ɗalibi jerin kalmomin Larabci a ce ya haddace. Yana buɗe littafi ne ya karanta, malam yana fassara masa gaɓa-gaɓa da Hausa, daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala, kuma idan ya kai matakin lugga sai a ba shi Muƙamatul Hariri da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, waɗanda baƙin kalmominsu suna cikin labari ne ko baiti. Ƙamus yana zuwa ne a matsayin mataimaki. Malaman da suka rubuta ɗaruruwan littattafai da Larabci a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, ba tare da yawancinsu sun zauna a ƙasar Larabawa ba, ta wannan hanya suka mallaki harshen.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, wannan batu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, amma bai ba masu karatu cikakkiyar nasarar da suke zato ba, domin ɗalibin zaure ba a bar shi shi kaɗai da littafi ya yi ta hasashe ba: akwai malami a gabansa yana ba shi ma'anar kowace kalma nan take, akwai tsari na hawa daga ƙaramin littafi zuwa babba, akwai kuma maimaici har sai karatun ya zauna. Wannan hadda ce, sai dai hadda ce ta kalma a cikin jimlarta. Gwajin Fiji ma ya yi nasara ne saboda an kawo littattafai da yawa da suka dace da matakin yaran, kuma wannan shi ne ainihin abin da makarantun gwamnati na karkarar Zamfara suka rasa. Gaya wa ɗalibin da bai mallaki littafi ko ɗaya ba cewa ya yawaita karatu shawara ce ta gaskiya wadda ba ta da amfani a gare shi a yau, kuma rashin adalci ne a ɗora masa laifin abin da ba shi ne ya hana ba. A irin wannan hali, hujjar masu hadda ce ta fi dacewa da matakin farko, ta masu karatu kuma ita ce ke nuna inda ya kamata a dosa da abin da ya kamata a nema daga hukuma.

Babban kuskuren masu hadda yana cikin zaɓen kalmomin ne. Ana ɗaukar cewa Turanci mai zurfi yana nufin kalmomi masu wuyar samu, sai a ɓata makonni a kan kalmomin da mutum zai iya shekara yana karatu bai ci karo da su ba, alhali kalmomin da ke riƙe da littattafan ilimi ba su da wani ƙyalli. Michael West, wanda ya koyar a Bengal kuma ƙaramin ƙamusunsa ya shahara a makarantun Nijeriya, ya fitar a 1953 da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma waɗannan kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu. A 2000 kuma Averil Coxhead ta tattara dangin kalma 570 da ke maimaituwa a rubuce-rubucen jami'a ko da wane fanni ne, irin kalmomin da ake amfani da su wajen kwatanta abu da abu, da kafa hujja, da bayyana dalili da sakamako, ta kuma nuna cewa suna ɗaukar kimanin kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Ɗalibin ƙaramar difloma a Ƙaura Namoda da zai mallaki waɗannan 570 da ma'anarsu da jimlolinsu, goma a kowane mako, zai gama su cikin shekara ɗaya da 'yan makonni, kuma zai amfana da su a kowace lacca. Da yake yawancinsu daga Latin da Girkanci da Faransanci suka samo asali, koyon ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙananan gaɓoɓin da ake liƙawa a farkon kalma ko ƙarshenta su sauya mata ma'ana, yana buɗe ƙofar wasu ɗaruruwan da ba a haddace ba.

Akwai kuma wata taƙaddama da ke maƙale da wannan, wato ko ya halatta a yi bayanin kalmar Turanci da Hausa. Makarantu da dama sun daɗe suna hukunta yaro idan ya yi Hausa a aji, da hujjar cewa sai an toshe harshen gida sannan baƙon zai samu wuri. Amma ma'anar da aka bayar da Hausa cikin daƙiƙa biyar ta fi bayanin Turanci da yaro zai gyaɗa masa kai bai fahimta ba, kuma kayan aikin suna nan: Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya fito tun 1965, na Roxana Ma Newman kuma a 1990. Iyakar wannan hanya ita ce matsalar amfani da aka ambata a baya, shi ya sa da zarar ɗalibi ya yi ƙarfi ya kamata ya koma ga ƙamusun masu koyo irin na Oxford wanda A. S. Hornby ya assasa, domin shi yana ba da jimlolin misali da alamomin furuci tare da kowace kalma.

Furuci shi ne sashen da ɓangarorin biyu suka fi sakaci da shi, domin jerin kalmomi ba ya magana, littafin labari ma haka. Hausa tana da wasula biyar masu tsawo da gajarta, Turancin Ingila kuwa yana da sautukan wasali kusan 20 idan aka haɗa da tagwaye. Hausa ba ta bambanta sautin p da na f, a karin harshen Zamfara da Sakkwato ma sautin yakan koma hw ko h, kamar yadda ake jin hwara da tahi. Ba ta da v, sai a mayar da shi b. Ba ta kuma son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, wanda shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi da sukuru. Sa'annan Hausa da karin sauti take aiki, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, Turanci kuwa da ƙarfafa gaɓa ɗaya a kalma, har kalma guda irin “record” takan zama suna ko aikatau gwargwadon gaɓar da aka danna. Munzali Jibril ya yi nazarin irin waɗannan bambance-bambance a digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, inda ya nuna cewa Turancin Hausawa yana da kamanninsa da suka raba shi da na kudancin Nijeriya.

A nan ma akwai ra'ayi biyu. Wasu suna tuna Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, da irin horon furucin da ta ba ɗalibanta, har muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta zama abin kwatance, kuma Ahmadu Bello, wanda ya zauna a Gusau yana kula da gundumomin gabashin lardin Sakkwato, shi ma can ya yi karatu. A ganinsu abin da aka iya a wancan zamani ana iya maimaita shi. Sai dai kwalejin 'yan ɗalibai kaɗan zaɓaɓɓu take ɗauka, a makarantar kwana, a hannun malamai Turawa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ajin sakandare na Shinkafi ya cika. Ra'ayi na biyu ya fi kusa da abin da Jennifer Jenkins ta kawo a 2000, cewa tunda yawancin masu Turanci a duniya ba harshen uwarsu ba ne, abin nema shi ne a fahimci mai magana, a kuma ba da ƙarfi ga bambancin da ke sauya ma'ana. Bisa wannan ma'auni raba “pan” da “fan”, ko “ban” da “van”, wajibi ne, haka ma tsawon wasali wanda Bahaushe ya riga ya saba da shi a harshensa, amma sautin da ake rubutawa da th ba ya cikin abubuwan da rashinsu ke hana fahimta. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi, musamman ganin cewa babban ƙamusun Oxford da kansa ya karɓi kalmomin Turancin Nijeriya 29 a Janairun 2020, har da Kannywood.

Abin damuwa shi ne takarda ta uku ta WAEC, duk da sunanta na gwajin baka, a rubuce ake yin ta a Nijeriya, ɗalibi yana zaɓen amsa ba tare da ya buɗe baki ba, don haka yana yiwuwa ya haddace alamomin sauti ya ci maki alhali bai taɓa jin an furta kalmomin ba. Wannan ne wurin da hadda ta fi yin ɓarna, kuma maganinsa yana cikin Islamiyyun garuruwan nan, inda malamin tajwidi ba ya yarda da bayanin mafitar harafi a kan allo sai yaro ya furta an ji, an gyara, ya sake. Yaron da ya iya raba sin da sad da sa'un a karatun Alƙur'ani ba zai kasa raba p da f ba idan an nuna masa inda leɓɓa suke haɗuwa da inda haƙori yake taɓa leɓe. Ƙamusun waya da ke furta kalma, da shirye-shiryen rediyo na Turanci, suna cike wani giɓi a lokacin da akwai caji da sabis, amma malamin aji shi ne muryar Turanci da ɗalibin Zurmi ya fi ji, kuma shi ma malamin a irin wannan aji ya tashi. Saboda haka horon furuci da na zaɓen kalmomi ya fi kamata a fara shi daga Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, inda ake yaye waɗanda za su tsaya a gaban azuzuwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.